SHARHI: Na'urar Mafitsara Ta Amurka Da Majinyacin Duvu

A cikin watan Satumba na shekarar 2025 ne Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta ƙasar Amurka, wato FDA, ta amince wa kamfanin Johnson & Johnson ya fara sayar da wata 'yar na'ura mai suna Inlexzo, wadda ake zura wa mai ciwon dajin mafitsara, ta zauna a jikinsa har mako 3 tana tsiyayar da magani a hankali. Labarin ya shiga shafukan ciniki kamar yadda ya shiga na kiwon lafiya, kuma ba abin mamaki ba ne, domin tun a 2023 kamfanin ya shaida wa masu hannun jarinsa cewa yana sa ran wannan fasaha za ta riƙa kawo masa fiye da dala miliyan dubu 5 a shekara idan kasuwarta ta bunƙasa. Duk lokacin da irin wannan labari ya iso Nijeriya, akan ji murya iri biyu: masu cewa a gaggauta shigo da ita, da masu cewa takardun mallakar ƙirƙira ne ke hana talaka magani. Wanda ya tsaya a mazaɓar Duvu, cikin Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu a Jihar Adamawa, ya dubi lamarin daga can, zai ga cewa ba a nan gizo yake saƙa ba.

Da farko ya kamata a ba na'urar haƙƙinta, domin dabara ce mai kyau. Mafitsara wuri ne mai wuyar sha'ani ga mai ba da magani. Idan aka sha ƙwaya ko aka yi allura, kaɗan ne daga cikin maganin ke isa bangonta, saura kuwa ya bi jini ya wahalar da sauran jiki. Saboda haka likitoci suka daɗe suna ɗura maganin kai tsaye ta robar fitsari, kamar yadda Dokta Alvaro Morales ya nuna a ƙasar Kanada a 1976 da ruwan rigakafin tarin fuka na BCG. To amma majinyaci ba ya iya riƙe ruwan fiye da awa ɗaya ko biyu, da zarar ya yi fitsari magani ya tafi. Abin da Farfesa Michael Cima da ɗalibinsa Heejin Lee suka ƙirƙiro a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts shi ne wani siririn bututu na roba mai laushi, da waya a cikinsa ta wani ƙarfe mai komawa siffarsa ta asali bayan an miƙe shi. Ana miƙe bututun a zura shi ta mafitar fitsari, da ya shiga sai ya nannaɗe kansa yadda fitsari ba zai iya fito da shi ba. Ruwa yana ratsa jikin robar ya narkar da ƙwayoyin maganin da ke ciki, maganin kuma ya riƙa fita ta wata 'yar ƙofa dare da rana. Ba a bukatar sa majinyaci barci wajen sawa. A gwajin da aka dogara da shi wajen ba da izini, alamun ciwon sun ɓace ga kashi 82 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa.

Abin lura ga ɗan kasuwa shi ne, maganin da ke cikin bututun ba sabo ba ne. Sunansa gemcitabine, kamfanin Eli Lilly ne ya fito da shi tun a 1996, wa'adin mallakarsa ya ƙare tuntuni, kamfanoni da dama a Indiya da wasu ƙasashe suna yin sa. Ashe ba maganin ake sayarwa ba, hanyar isar da shi ake sayarwa, kuma ita ce takardun mallaka suka kewaye. Cima da Farfesa Robert Langer sun kafa kamfanin Taris a 2008 don wannan aiki. A 2014 kamfanin Allergan ya biya dala miliyan 67.5 kuɗin hannu domin wani nau'in na'urar mai ɗauke da maganin kashe zafi, sa'an nan a watan Disamba na 2019 Johnson & Johnson ya saye Taris ɗungurungum. Daga kafa kamfanin zuwa samun izinin sayarwa shekara 17 ke nan, alhali kuwa takardar mallaka shekara 20 take yi. Babu mai zuba dukiyarsa shekara 17 yana jira sai ya tabbata akwai mai saye a ƙarshen hanya, kuma mai sayen nan shi ne kamfanonin inshorar lafiya da gwamnatocin ƙasashe masu arziki.

Yanzu a dawo gida. Duvu tana gindin duwatsun Mandara, kusa da iyakar Kamaru, a yankin da ƙoramu ke gangarowa daga tsaunuka su haɗu da kogin Yedzaram wanda ya ratsa garin Mubi. Jama'ar irin wannan wuri rayuwarsu tana haɗe da ruwan rafi da na kududdufi: nan ake wanki, nan ake shayar da dabbobi, nan yara ke iyo da rana tsaka, nan kuma mai lambu yake tsoma ƙafa da rani. A ko'ina cikin Arewacin Nijeriya, irin wannan ruwa shi ne gidan dodon koɗin da ke ɗauke da tsutsar tsargiya, wadda likitan Jamus Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851. Tsutsar tana shiga ta fata, ta zauna a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, ƙwayayenta kuma su maƙale a bango suna yi masa rauni shekara da shekaru. Fitsarin jinin da a wasu ƙauyuka ake ɗauka alamar balaga ce ga yaro, shi ne farkon labarin. A 1994 hukumar binciken ciwon daji ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta sa wannan tsutsa cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji ga ɗan Adam. Nijeriya kuwa ita ce ƙasar da ta fi kowace yawan masu fama da tsargiya a duniya.

Ciwon dajin da tsargiya ke haifarwa ba shi ne wanda aka ƙera Inlexzo dominsa ba. A Turai da Amurka, galibin ciwon dajin mafitsara yana farawa ne daga shimfiɗar ciki, yana da alaƙa da shan taba, yana kama tsofaffi, kuma sau da yawa ana gano shi tun bai ci naman bango ba. Izinin da FDA ta bayar ma na wani rukuni ne ƙanƙane daga cikin waɗannan, wato waɗanda ciwonsu bai shiga tsoka ba kuma BCG ya kasa yi musu aiki. Rahotannin da likitocin asibitocin koyarwa na Kano da Sakkwato da Maiduguri suka wallafa sun nuna wani hoto dabam: fiye da rabin waɗanda suka gani suna ɗauke da nau'in da ke biyo bayan daɗaɗɗen rauni, magidanta ne masu sauran ƙarfi a jika, kuma mafi yawansu sai ciwo ya ci bango, wani lokaci har ya toshe hanyar ƙoda, suke isowa asibiti. Ga irin wannan majinyaci, ko da kyauta aka ba shi na'urar, ba za ta amfane shi da komai ba. Daɗin daɗawa, cire ta yana bukatar madubin leƙa mafitsara da likitan da ya iya aiki da shi, duk bayan mako 3, wata da watanni. Manomin da zai baro Duvu ya shigo Mubi, watakila ya zarce Yola mai nisan kimanin kilomita 200, ya san abin da wannan zirga-zirga za ta ci masa na kuɗin mota da kwanakin gona.

Wannan ba laifin masu ƙirƙira ba ne. Sun ƙera abin da masu biyansu ke bukata. Abin da ya rage shi ne ƙasar da kuɗinta na lafiya ba su da yawa, wadda har yanzu ba ta kai ga kashi 15 cikin ɗari na kasafin da shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja a 2001 ba, ta san inda za ta fara aza Nairarta.

Tarihin maganin tsargiya kansa ya isa darasi. Kamfanonin Jamus biyu, Bayer da E. Merck, su ne suka fito da praziquantel a shekarun 1970, kuma da fari tsadarsa ta fi ƙarfin ƙasashen da ke bukatarsa. A 1983 wani kamfanin Koriya ta Kudu mai suna Shin Poong ya gano wata hanyar haɗa maganin dabam da ta Jamusawa. Dokar Koriya ta lokacin hanyar haɗawa take karewa, ba maganin kansa ba, saboda haka kamfanin bai taka doka ba. Cikin 'yan shekaru farashi ya faɗi da fiye da kashi 90 cikin ɗari. Ƙasar Masar ta rungumi maganin, ta riƙa rabawa a makarantu da ƙauyukan bakin Nilu, kuma alƙaluman Cibiyar Ciwon Daji ta Alƙahira sun nuna cewa nau'in ciwon da ke bin tsargiya ya sauko daga kusan kashi uku cikin huɗu na masu ciwon dajin mafitsara zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin uku kafin tsakiyar shekarun 2000. Tun daga 2007 kamfanin Merck na Jamus yake ba da maganin kyauta ta hannun Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, ya kuma yi alkawarin ƙwaya har miliyan 250 a shekara. Wato maganin da zai hana ɗan makarantar Duvu kamuwa da ciwon daji nan da shekara 30 babu takardar mallakar da ta tare shi. Abin da ke tsakaninsa da yaron shi ne man babur, da alawus ɗin malamin lafiya, da rajistar da za ta nuna an ba shi bana kuma za a ba shi baɗi.

Haka ma robar fitsari, wadda ita ce uwar dukkan na'urorin isar da magani cikin mafitsara. Likitan Amurka Frederic Foley ne ya ƙirƙiro mai balan-balan ɗin da ake amfani da ita a yau, amma a 1936 wani ma'aikacin kamfanin roba mai suna Paul Raiche ya riga shi samun takardar mallaka, aka yi ta shari'a, daga bisani takarda ta tabbata ga Raiche, suna kuma ya tabbata ga Foley. Takardar ta mutu tun zamanin kakanni. Amma a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina, Dokta Kees Waaldijk, ɗan ƙasar Holan da ya fara aikin yoyon fitsari a 1984, ya nuna cewa idan aka sa wa mace wannan roba da wuri bayan doguwar naƙuda, aka bar ta makonni tana shan ruwa sosai, kimanin kashi 15 cikin ɗari na sababbin raunuka suna warkewa ba tare da wuƙa ba. Wannan ƙirƙira ce ta gaske, an yi ta a ƙasar Hausa, ba ta da takarda, ba ta kawo wa kowa riba ba, ta kuma bazu zuwa ƙasashe da dama. Duk da haka robar da ake wannan aiki da ita daga waje ake shigo da ita, da dala.

Inda ƙirƙire-ƙirƙiren zamani suka fi kusa da bukatar Mubi shi ne wajen na'urar hoton ciki mai aiki da sauti, wadda jama'a ke kira sikanin. Asalinta ma abin tunani ne. A 1955 Farfesa Ian Donald, likitan mata a Glasgow, ya ɗauki ƙari da aka ciro daga majinyata ya kai masana'antar tukwanen tururi ta Babcock & Wilcox, domin ya gwada na'urar da injiniyoyi ke neman tsaga a cikin ƙarfe da ita. Wanda ya mai da gwajin ya zama na'ura shi ne Tom Brown, matashin injiniya a kamfanin Kelvin & Hughes, kuma a 1958 suka wallafa sakamakonsu tare da Dokta John MacVicar. Likita da maƙeri suka haɗa kai, a gari ɗaya, abin ya yiwu.

Ga mai tsargiya, wannan na'ura tana nuna kaurin bangon mafitsara, da tsiron da ya fara fitowa, da kumburin ƙoda, cikin mintuna kaɗan, ba yanka ba allura. Ƙa'idar da duniya ke bi wajen wannan dubawa ma a maƙwabta aka tsara ta, a taron masana da Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ɗauki nauyi a birnin Yamai a 1996. Bayan dubawa kuma akwai aiki. Likita yana kallon allura a jikin allo yayin da take shiga, sai ya zuƙe mugunya daga hanta, ko ya sa bututu a ƙodar da ta toshe, ko ya huda mara ya sauke wa dattijo fitsarin da ya ƙi fita, ko ya ɗebo ɗan nama a kai ɗakin gwaji. Yawancin waɗannan a da sai an buɗe ciki, ko kuma a yi su da lalube. Ma'anar wannan a aljihun iyali a fili take: kwana ɗaya ko biyu a gadon asibiti maimakon mako biyu, babu neman jini, babu sayar da bijimi a kasuwar shanun Mubi don biyan kuɗin ɗakin tiyata.

A nan ma akwai na sama da na ƙasa. A sama akwai na'urorin da sautin kansa ne wuƙar, kamar Edison ta kamfanin HistoSonics, wadda ta samo asali daga Jami'ar Michigan, FDA kuma ta amince da ita a watan Oktoba na 2023 domin narkar da ƙarin hanta ba tare da huda fata ba. Irin waɗannan sai manyan asibitoci masu wutar lantarki da ba ta ƙiftawa. A ƙasa kuwa akwai na hannu. A 2017 kamfanin Butterfly Network ya sami izinin wata na'ura da ake riƙewa kamar tocila a haɗa ta da wayar hannu, wadda aka fara sayarwa ƙasa da dala 2,000, domin ya maye gurbin duwatsun sautin da ake amfani da su a da da ɗan guntun allon lantarki. A 2022 Gidauniyar Gates ta ba da dala miliyan 5 aka raba guda 1,000 ga ma'aikatan lafiya a Kenya da Afirka ta Kudu. Kamfanonin ƙasar Sin su ma sun cika kasuwa da nasu. Wannan ita ce ƙirƙirar da faifan hasken rana guda ɗaya zai iya ciyar da ita a asibitin karkara.

Sai dai mai saye ya buɗe ido. Da yawa daga cikin irin waɗannan na'urori ba a gama biyansu ranar saye, akwai kuɗin shekara na manhaja, kuma da dala ake biya. Idan ba a manta ba, dalar da gwamnati ke sayarwa kimanin Naira 460 a watan Mayu na 2023 ta haura Naira 1,500 a watan Fabrairu na 2024. Asibitin da ya tsara kasafinsa a farashin farko ya wayi gari da na'urar da ba ya iya ciyarwa. Duk jami'in da zai sa hannu a kwangilar sayo irin wannan kaya ba tare da ya tambayi kuɗin shekara 5, da wanda zai gyara, da wanda zai koyar ba, to ya sayo wa ma'ajiyar asibiti ƙarin tarkace ne kawai.

To ina matsayin doka? Dokar Mallakar Ƙirƙira da Zane ta Nijeriya ta 1970 ce, Doka mai lamba 60 ta zamanin Janar Yakubu Gowon. Abu na farko da ya kamata kowane mai masana'anta ya sani shi ne, takardar mallaka ba ta tsallaka iyaka. Wadda aka bayar a Amurka ba ta ɗaure kowa a Nijeriya sai in mai ita ya zo ya yi rajistarta a nan. Na biyu, duk takarda tana mutuwa bayan shekara 20, ko kafin nan idan aka daina biyan kuɗinta na shekara. Na uku, sharaɗin ba da ita shi ne mai ƙirƙira ya bayyana yadda ake yin abin dalla-dalla, da zane, kuma waɗannan bayanai suna nan kyauta a rumbunan intanet na Ƙungiyar Kare Mallakar Fasaha ta Duniya, WIPO, da na ofishin Turai. Mariƙin allura da ake ɗaura wa kan na'urar sikanin, da jakar fitsari mai hana komawa, da kayan huda mara, da gunkin roba da ɗalibai ke koyon huda a jikinsa, duk akwai zane-zanensu na shekarun 1980 da 1990 waɗanda yanzu mallakar kowa ne. Har ila yau dokar ta ba minista ikon ba da izinin yin amfani da ƙirƙirar wani domin aikin gwamnati idan maslahar jama'a ta bukata, yarjejeniyar Doha ta 2001 kuma ta tabbatar wa ƙasashe irin wannan 'yanci a kan lafiya. Mai cewa takardun Turawa ne suka hana a ƙera robar fitsari a Nijeriya bai karanta dokar ba.

Raunin dokar a wani gefe yake, kuma ɗan ƙasa yake cutarwa. Magatakardan da ke Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki da Zuba Jari a Abuja ba ya binciken ko abin da aka kawo masa sabo ne. Takardu yake dubawa ko sun cika, dokar kuma ta faɗa ƙarara cewa ana ba da shaidar ne ba tare da lamunin ingancinta ba. Sai an je Babbar Kotun Tarayya ake sanin ko tana da ƙarfi. Wane banki ne zai ba da rance a kan irin wannan takarda, wane baƙon mai jari ne zai saye ta? Saboda haka idan wata jami'a ta yi shelar yawan takardun da malamanta suka karɓa ta hannun hukumar NOTAP, wadda aka kafa a 1979 kuma take ɗauke wa masu bincike kuɗin rajista, a yaba mata, amma a tambaye ta guda nawa suka zama kaya a kanti. Kazalika dokar ba ta tanadi ƙaramar takarda ta gyare-gyaren amfani ba, irin wadda ta dace da maƙerin da ya inganta wani abu ba tare da ya ƙirƙiro shi daga tushe ba.

Mutumin Mubi ya fi kowa ganin wani giɓin. Garin da ya kasance hedikwatar Lardin Sardauna bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961, cinikinsa rabi a Kamaru da Cadi yake. Waɗannan ƙasashe, tare da Nijar, suna cikin ƙungiyar OAPI mai mazauni a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa, inda rajista ɗaya ke aiki a ƙasashe 17, kuma akwai ƙaramar takardar da aka ambata. Nijeriya ba ta cikin wannan ƙungiya, ba ta kuma zama cikakkiyar wakiliya a takwararta ARIPO ba. Injiniyan da ya ƙera wani abu a Mubi ya yi rajista a Abuja, kariyarsa ta ƙare a tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a mota ba.

Ko da an gyara dokar gobe, tsugune ba ta ƙare ba, domin an riga an ga abin da ke faruwa da ƙirƙirar da ta sami takarda ta rasa kasuwa. Dokta Oviemo Ovadje, likitan soja, ya fara aiki a 1989 a kan EATSET, na'urar da ke tace jinin da ya zuba cikin majinyaci a mayar masa da abinsa, ba ta bukatar lantarki. Ta sami tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya da lambar yabo ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka da WIPO a 1995, amma ba ta zama kayan yau da kullum a asibitocin ƙasar nan ba. Maganin sikila Niprisan, wanda cibiyar NIPRD ta Abuja ta samar, ya sami takardar Amurka a 1998, aka ba kamfanin Xechem lasisi a 2002, aka ƙaddamar da shi a 2006, kamfanin ya durƙushe a 2008, majinyata suka yi shekaru suna nema. Masana'antar sirinji ta Jubilee da aka buɗe a Jihar Akwa Ibom a 2017 ta dakatar da aiki daidai shigowar 2024, ga shi kuwa sirinji babu wata takardar mallaka a kansa. A watan Yuni na 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umarnin ɗage harajin kwastan da na kayan masarufi na tsawon shekara 2 daga injuna da ɗanyun kayan masu ƙera magunguna da na'urorin asibiti. Mataki ne mai kyau, amma rage wa mai ƙera kuɗin shigo da kaya bai ba shi mai saye ba. Abin da Taris ya samu, waɗannan suka rasa, shi ne tabbacin cewa in kaya ya fito ya cika sharuɗɗa, akwai wanda zai biya, kuma a kan lokaci.

A Nijeriya babban mai sayen kayan asibiti gwamnati ce, ta tarayya da ta jiha, da hukumomin inshorar lafiyarsu. Idan Gwamnatin Adamawa, ita kaɗai ko tare da maƙwabtanta na Arewa maso Gabas, ta yi shelar cewa za ta sayi adadi kaza na robar fitsari da jakarta da mariƙin allura duk shekara, tsawon shekara 5, daga duk mai ƙerawa a cikin ƙasa da ya sami amincewar NAFDAC, wannan shela ita ce takardar da banki zai karɓa. Mubi kuwa tana da abin da Glasgow ta haɗa: Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tun 1979, da Jami'ar Jihar Adamawa tun 2002, da Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, duk a gari ɗaya, garin da ya farfaɗo bayan mamayar Boko Haram ta watan Oktoba na 2014. Ba abu ne mai tsada ba a ce ɗaliban injiniya na ajin ƙarshe su karɓi aikinsu daga bakin likitan tiyata da ungozoma, su fara da karanta takardun da wa'adinsu ya ƙare kafin su zana komai.

Za a iya cewa wannan ra'ayi yana yanke wa talaka hukuncin zama da tsohon yayi, alhali mai ciwon daji a Adamawa ransa bai fi na Boston arha ba. Maganar tana da nauyi. Akwai 'yan Nijeriya masu irin ciwon da Inlexzo ke magani, kuma idan tsargiya ta ja baya, shan taba bai ragu ba, yawansu zai ƙaru kamar yadda aka gani a Masar. Ya dace asibitocin koyarwa, ciki har da na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola, su nemi shiga gwaje-gwajen irin waɗannan na'urori, hukumomi kuma su yi cinikin farashi idan lokaci ya yi. Amma hatta wannan majinyacin ba zai amfana ba sai an gano ciwonsa tun yana saman bango, kuma ba za a gano shi ba sai wani ya aza masa na'urar sikanin a mara ranar da ya fara ganin jini. Takardun farko na Cima da Lee suna gab da cika shekara 20, gemcitabine kuma yana kasuwa. Ranar da kamfanonin Indiya ko Masar za su fito da nasu bututun mai araha, ƙasar da ta riga ta horar da masu dubawa ita ce za ta sami wanda za ta sa wa.

Idan kasafin lafiya ya zo gaban Majalisar Dokokin Jihar a Yola, wakilin Mubi ta Kudu yana da tambayoyin da amsarsu lamba ce: yara nawa aka ba praziquantel a mazaɓar Duvu da Chaba da Girburum a zagayen da ya wuce, cibiyoyin lafiya nawa ne a ƙaramar hukumar ke da na'urar sikanin mai aiki, mutum nawa aka horar su riƙe ta, kuma a wane layi na kasafin aka rubuta kuɗin manhajarta na baɗi.